Darasi na Bakwai: Adana Kayan Wasan Yara a Gidan Haya

A unguwanninmu na Zango a Kumasi, irin su Aboabo da Asawase, iyalai da yawa suna zaune ne a gidan haya, inda ɗaki ɗaya ko ciki da falo ke ɗauke da miji da mata da 'ya'yansu, tsakar gida kuwa ta kowa da kowa ce. A irin wannan zama, ba sai kayan wasa sun yi yawa ba kafin su zama matsala. Motar roba da aka bari a bakin ƙofa tana iya kayar da tsohuwar da ta fito alwala da asuba, 'yartsanar da ta kwana a waje kuma ta isa ta haɗa maƙwabta faɗa idan yara biyu suka ce tasu ce.

Da farko a tara kayan gaba ɗaya a kan tabarma a tantance su. Wanda ya fashe ya yi kaifi a zuba shi a kwandon shara, kada a jefa shi a kwata, domin roba na cikin abubuwan da ke toshe magudanan ruwa idan damina ta kankama. Wanda yaro ya girme shi a wanke a ba ƙanensa. Sauran a raba su biyu, a bar masa rabi, a ɗaure rabi a jaka a ɗora sama, bayan mako biyu ko uku a musanya. Yaro yakan yi murna da abin da ya kwana biyu bai gani ba kamar yau aka sayo masa shi daga kasuwar Kejetia, kuma wannan dabara tana rage wa iyaye kashe kuɗi.

Mazubin da ya fi dacewa shi ne kwandon roba ko bokiti mai murfi. Kwali yana da arha, amma yana shan danshi, kyankyasai kuma suna samun mafaka a cikinsa. A ajiye mazubin a ƙasa, a lungu guda da ba a sauyawa, inda hannun yaro zai kai, domin idan sai uwa ta miƙa hannu ta sauko da shi, to aikin mayarwa ma kanta zai dawo. A sa lokaci guda na kwashewa, kuma mafi sauƙin kiyayewa shi ne kafin kiran sallar magariba. A kwanakin farko uwa ko uba su tsaya tare da yaron suna nuna masa, ba da tsawa ba, kuma kada su karɓe aikin daga hannunsa don yana nawa. A nan ne iyaye da dama suke gajiya, alhali haƙurin 'yan makonni ne ake bukata.

Akwai abubuwan da ba su shiga kwandon ko kaɗan idan akwai yaron da bai kai shekara 3 ba. 'Ya'yan ludo da duwatsun dara da fasasshen balan-balan suna iya shaƙe shi, saboda haka a zuba irinsu a gwangwanin Milo, a rufe, a ajiye a sama. Mafi haɗari shi ne ƙaramin batirin nan mai faɗi da ke cikin kayan wasa masu wuta ko kiɗa, domin idan ya maƙale a maƙoshin yaro yana iya ƙona shi cikin awa 2. Idan ana zaton ya haɗiye shi, kada a sa shi amai, kada a jira a ga alama, a garzaya da shi asibiti mafi kusa ko asibitin Komfo Anokye. Haka kuma duk kofi ko gwangwani ko tsohuwar taya da yara ke wasa da su a tsakar gida a kife su ko a shigar da su, saboda ruwan da ya kwanta a ciki sauro ke hayayyafa a kansa.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya samo kwando ko bokiti, ya rubuta sunan ɗansa a jiki da manyan haruffa da hannunsa, sannan ya karanta wa yaron abin da ya rubuta.