Abin da mai ɗauke da HIV zai tambaya kafin ya bar ɗakin likita

Ko a Asibitin Malam Aminu Kano kake karɓar magani ko a Asibitin Murtala, mutane suna jira a bayanka, lokacin ganin likita kaɗan ne. Rubuta tambayoyinka tun daga gida, biyu ko uku sun isa.

Fara da gwajin yawan ƙwayar cutar a jini. Kada ka tsaya a "komai lafiya"; nemi adadin, ka rubuta da kwanan wata. Ana yin sa wata 6 bayan fara magani, sai a wata na 12, daga nan sau ɗaya a shekara. Ƙasa da 200 na nufin cutar ba ta wucewa ga abokin zama ta hanyar kwanciya, muddin ana shan magani kullum. In ya haura 1,000 ba a canza magani nan take: ana bibiyarka wata 3 a gano inda shan ke tangarɗa, sannan a sake gwaji. Nan fa sai ka faɗi gaskiya. Wanda ya ɓoye kwanakin da ya tsallake zai iya ƙarewa a magani na mataki na biyu, mai ƙwayoyi da yawa, ba gaira ba dalili.

Tafi da duk abin da kake sha a leda, har na gargajiya. TLD, ƙwaya ɗayar nan ta maganin HIV da ake sha kullum, ba ta jituwa da farin maganin ƙwarnafi ko ƙwayar ƙarin jini, domin suna riƙe dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan da ke cikin TLD, a hanji ya kasa shiga jini. Sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayan su. Masu juna biyu, da ake yawan ba su ƙwayar ƙarin jini, su fi kowa lura. Mai shan maganin tarin fuka kuwa ana ƙara masa dolutegravir 50mg bayan awa 12. In ba a ambata ba, tambaya.

Akwai inda zaɓin naka ne. In ƙwayar dare tana hana ka barci, nemi a mayar da ita safe. Kafin azumi ku tsayar da lokaci ɗaya, buɗa-baki ko sahur. In sakamakonka ya daidaita, nemi maganin wata 3 zuwa 6 a lokaci guda. In tsoron haɗuwa da 'yan unguwa ke sa ka fashi, karɓi takardar canjin asibiti maimakon ka ɓace.

Saƙon WhatsApp mai cewa an samu maganin da ke kashe cutar ƙurmus, nuna wa mai ba da magani kafin ka fitar da ko sisi. Dakatar da TLD saboda irin wannan saƙo ya fi haɗari ga mai ciwon hanta nau'in B, domin hantar kan tashi da ƙarfi.