Darasi Na 7: Salwa Da Lambun Bayan Gida

Iyayena da yayyena, wannan darasin ya taso ne daga tambayar da wata baiwar Allah ta yi a aji, ta ce Malama na sayo salwa guda goma, ga ɗan lambuna a bayan gida, ko in sake su ne su riƙa kiwo kaman yadda nake sakin kajina? Toh amsar dai a'a ce, amma akwai hanyar da za su taka ƙasar lambun su ci ƙwarinsu ba tare da an yi asara ba.

Salwar da muke kiwo a nan Jos asalinta 'yar Japan ce, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ce ta shigo da ita ƙasar nan a 1992. Sati 6 zuwa 7 ta fara ƙwai, ga ta ba ta cin waje, shi ya sa mata da yawa suke sonta, wasu ma ba don ƙwan ba, don sha'awa kawai yara su riƙa kallo.

Sai dai fa salwa ba kaza ba ce. Kaza ta san gida, magariba na yi za ta shige akurki da ƙafarta ko ba a kora ta ba, ita kuwa salwa ba ta da wannan ɗabi'ar sam, kuma ga tsoro, ƙofa ce aka buga da ƙarfi ko yaro ya wuce da gudu sai ku ga ta yi fir ta tashi sama a tsaye, kafin ku ankara ta haye katanga ta faɗa gidan maƙwabta ta laɓe a ciyawa, jikinta kalar ƙasa, ko kun taka kusa da ita ba za ku gan ta ba. Ni kaina na rasa huɗu a yammaci ɗaya lokacin da na fara, wallahi har yau abin yana min ciwo don ni na raine su tun suna 'yan tsaki. Ga kyanwa, ga shirwa da shaho daga sama, da dare kuma ɓera da gafiya da maciji. Tsuntsuwar da ba ta cika tafin hannu biyu ba, da me za ta kare kanta?

Abin da za ku yi shi ne ku sa kafinta ya haɗa muku keji marar gindi, wato ƙasan a buɗe yake, sama da gefe duk raga. Katakon ana samu a kasuwar Katako. Tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 3 ya ishi salwa 10 zuwa 12 su sake. Ragar ku ce a ba ku mai ƙananan ido, rabin inci, ban da irin ta kaji mai manyan ƙofofi don ɓera yana wucewa ta ciki. Tsayin kejin kuma kar ya wuce ƙafa 1, wannan ku riƙe shi da kyau, saboda in ya fi haka sai ta samu filin tashi da ƙarfi ta buga kai a rufi ta ji rauni, wani lokaci har ta mutu. Rabin saman a rufe da kwano saboda rana da ruwa, kun san ruwan Agusta a garin nan, wani sa'in ma har da ƙanƙara.

Kullum ko bayan kwana biyu sai ku ja kejin gaba kaɗan, su samu sabuwar ciyawa da tsutsa da gara, kashinsu kuma ya zama taki a inda suka bari. Inda kuka gama cire kabeji ko karas nan ya fi dacewa, kar ku ɗora a kan latas ko alayyahun da ya fara tsirowa, za su tsattsage shi tas. In kun yi feshin maganin ƙwari kuma kar ku kai su wajen. Ku ajiye musu tsohon faranti da yashi da 'yar toka a ciki su yi wanka, suna son wannan sosai kuma yana rage musu ƙwarƙwata.

Abin da suke tsinta a lambu ƙari ne kawai, dole a ba su abincin kaji na buhu da ruwa mai tsabta, dusa zalla ba ta sa su ƙwai. Yawanci bayan la'asar suke yin ƙwai, a ƙasa suke zubarwa duk inda ya kama, don haka ku tsince kafin magariba, sannan ku kwashe su zuwa ɗaki ko kejin kwana mai gindi, musamman a Disamba da Janairu da sanyin Jos ke shiga har ƙashi.

Aikin gida: kowa ya auna tsawo da faɗin wajen da zai ajiye keji a gidansa, ya rubuta lambobin a littafinsa, ya tambayi kafinta kuɗin katako da raga shi ma ya rubuta, ku zo da shi ranar Asabar mu lissafa tare a allo.