Ga masu tarewa a sabon gida: ku duba ƙasa kafin ku shuka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya tare a sabon gida yana sha'awar ɗan lambu, ya fara lura da inda magina suka kwaɓa siminti. Ƙasar wurin ta riga ta mutu. Ko safe da yamma kake ban ruwa, tumatir sai ya yi rawaya ya tsumbure.

Ku samo tsofaffin buhunan shinkafa, ku hudhuda gindinsu da ƙusa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, ku cika su da ƙasar gona gauraye da kashin akuya ko na shanu wanda ya daɗe ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji kam a bar shi, ƙone shuka yake yi.

A ganina alayyahu ya fi komai sauƙi. A yafa irin sama-sama, a wajen wata guda an fara yanka ana zubawa a miya ko faten tsaki. Zogale kuwa rami za a haƙa masa a lungu, a sauya ƙasar, a dasa reshe. Da ya kai kafaɗa a datse kansa, in ba haka ba zai miƙe sama ganyen ya gagari hannu, ranar da ake marmarin kwaɗo sai an nemo sanda.

Mangwaro da darbejiya a nisanta su da katanga da sokawe, saiwarsu tana fasa gini. In kuna da awaki a gidan, a kewaye lambun da raga tun ranar shuka.