Kafin ka biya abonma na wata a wasan intanet, yi wanga lissafi

Jiya a fadarmu ta unguwar Zariya muna shan shayi wani ƙanena ya miƙo min waya, wai yaya dubo min, in biya ko kar in biya? Abonma ce ta wasa, irin wasannin nan da kake ƙirƙirar jarumi ka shiga duniya guda da dubban mutane kuna farautar dodanni tare. Na ce mai aje wayar tukuna mu yi lissafi.

Fara da maida kuɗin zuwa sefa, don in ka ga 13 a rubuce sai ka ɗauka ba komi ba ne. World of Warcraft na kamfanin Blizzard, wanda ya fito tun 2004, a Turai wajen euro 13 ne duk wata, euro guda kuma sefa 656 ne kusan, kenan jikka takwas da rabi. Kuma ba shi kenan ba, ka ɗora forfe na intanet, ka ɗora abin da banki zai cire in da katin Visa ka biya, in kuwa wani ne zai sayo maka kati daga waje shi ma sai ya ci nashi.

Sai ka ƙirga awowin da kake wasa na gaskiya, waɗanda kake so ka yi daban suke. Ɗauki sati biyu kana rubutawa a takarda. Ni abin da ya same ni kenan, na biya a watan Afrilu, ga zafi, kuran na zuwa yana tafiya, kwamfuta ta yi zafi har ba ka iya aza hannu gefen fanka, in na taso daga shago da dare ido ya riga ya yi nauyi, wata ya ƙare ban cika awa tara ba, wato kowace awa ta tasam ma jikka guda. Wallahi ya yi min ciwo. Wanda ke zama awa biyu kullum shi awa 60 gare shi a wata, awarshi ba ta kai sefa 150 ba ma, wannan kam kuɗinshi sun biya.

Kar ka biya sisi sai ka cinye na kyauta. World of Warcraft ana bari ka yi har mataki na 20. Final Fantasy XIV gwajin kyautarshi ba shi da iyakar kwanaki, labarin kuma dogo ne, zai ɗauke ka watanni. A nan ne za ka gwada rezo ɗinka, zaɓi saba ta Turai, wato babbar kwamfutar kamfanin da wasan ke gudana bisanta, don ita ta fi kusa da mu, ka shiga wajen ƙarfe tara na dare lokacin da kowa ke bisa layi, in ka danna jarumin bai motsa ba sai bayan numfashi guda to abonma ba za ta gyara wannan ba, kuma in kun shiga yaƙin rukuni kai ne za ka riƙa kashe ma mutane aiki.

Akwai ma wasannin da abonma ba dole ba ce. Guild Wars 2 ba ya da kuɗin wata sam. Albion Online da Old School RuneScape suna tafiya a waya, kuma kana iya sayen zama memba da kuɗin cikin wasan in ka tara, amma taran aiki ne ba kaɗan ba. Abin da nake tsoro ma ƙannenmu a wasannin kyauta shi ne kantin cikin wasan, yau jikka gobe jikka biyu don riga ko doki, kafin ka farga ka wuce kuɗin abonma. Ta wannan gefen abonma ta fi gaskiya, ka san abin da zai fita.

In ka yanke za ka biya, ɗauki wata guda kawai, rangwamen wata shida kar ya ruɗe ka. Da ka biya shiga asusunka a ranar ka kashe sabuntawa ta atomatik, kwanakinka 30 suna nan ba za su taɓu ba, ni rashin yin haka ne ya sa aka sake cire min wata na biyu ban ko buɗe wasan ba. Jaruminka ba ya ɓacewa in ka daina biya, yana nan yana jiranka.

Ƙanen nawa ɗan makaranta ne, jarabawa na gabanshi. Na ce ya ci gaba da na kyauta, in an yi babban hutu ya zo da takardar awowinshi mu sake dubawa.