Yadda ake cire wa kare kaska

Da damina ta sauka a Maraɗi, karen da ke bin awaki zuwa bakin gulbi ba ya dawowa gida shi kaɗai, kaska yake kwasowa.

Da farko ka sa wani ya riƙe maka kansa. Ka bi jikinsa da yatsu sannu a hankali: cikin kunnuwa, wuya, hammata da tsakanin yatsun ƙafa. Wadda ta ƙoshi da jini za ka ji ta kamar ƙwayar wake.

Ka buɗe gashin, ka sa matsefata ka kama kaskar dab da fata, wajen bakinta. Kada ka matse cikinta, don yin haka kan tura abin da ke ciki zuwa jinin karen. Ka ja ta sak, ba fizga. Nan ne ake son haƙuri, domin in ka yi gaggawa bakin yakan karye ya zauna cikin fata, wurin ya kumbura.

Sai ka jefa ta cikin alkol, ka goge wurin da Bétadine (maganin wanke rauni), ka wanke hannu da sabulu.

Don Allah a bar zuba wa dabba kananzir, baƙin mai ko maganin feshin gona. Guba ce, kuma kare yana lasar jikinsa.

Bayan haka ka sa masa ido mako 2. In ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi ja, ka kai shi asibitin dabbobi a ranar, ka gaya wa likita yaushe ka cire kaskar.