Yadda ake gano matsalar mai da kafireta a injin motar tsere

A tseren miƙaƙƙiyar hanya irin na Amurka, wanda hukumar NHRA ke shiryawa tun bayan kafa ta a 1951, tazarar da aka fi sabawa da ita mita 402 ce kacal. Inji ya yi tari sau ɗaya, an wuce ka. Da yawa da sun ji haka sai su hau sauya jet, wato ƴan ƙananan ƙofofin da ke auna man da ke wucewa a cikin kafireta, alhali sau tari laifin ba a nan yake ba.

Fara da ƙarfin mai. Kafireta irin Holley 4150 tana son geji ya tsaya tsakanin psi 6 da 7 (psi ma'aunin matsin mai ne), kuma a lokacin da aka take totur har ƙasa ake dubawa, ba a silo ba. Idan allura ta faɗi a tsakiyar gudu, duba filta, famfon mai, tiyo da ya lanƙwashe, da ramin shan iskar tanki.

Sai fulot, abin da ke yawo a saman mai a kwanon kafireta yana daidaita yawansa. Kwance ɗan kusan da ke gefen kwanon mai, inji na silo: mai ya tsaya daidai leɓen ramin na ƙasa. Ya haura, inji ya shaƙe. Ya gaza, ya yi ƙishirwa.

Yanzu ka lura da inda motar ke gardama, a nan ne aikin yake. In ta yi jinkiri da zarar an taka totur, leƙa cikin kafireta inji a kashe, ka ja totur da hannu. Dole feshin mai ya fito nan take, ba tsaiko. In kuwa ta tashi lafiya sannan ta sare, mai ne ya tuttuɗe baya saboda fizgar tashi, jet ɗin kwanon baya suka zuƙi iska. Maganinsa ɗan bututun da ake ƙara wa jet ɗin don su kai ga man. Baƙin hayaƙi a salansa bayan inji ya yi harbi ta kafireta yakan nuna bawul ɗin ƙarin mai ya fashe.

Bayan nan ne za ka karanta fulogi. Kashe inji da ƙare gudu, kada ya yi silo, ka kwance su. Baƙin toka, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan na fi tsoro, don yana narkar da fistin. In fari ne, ƙara jet da lamba 2, ka sake gudu, ka duba saurin da takardar lokaci, wadda ake ba ka bayan gudu, ta nuna kafin ka taɓa wani abu.