Yadda na gyara matsalar filasta mai saurin daskarewa

Sati biyu ina fama da samfurin wata fitilar tebur da nake koyon zubawa da filasta, wadda masu aikin silin ke kira POP. Kafin in gama damawa ta fara kamawa, in ma na samu na zuba sai ta fito duk ramuka.

Laifin daga wajena yake. Ina amfani da ruwan jarkar da ta yini a rana, ga zafin watan Afrilu, alhali ruwan ɗumi yana gaggauta daskarewar filasta. Sannan robar da nake damawa a ciki akwai ɓurɓushin tsohuwar filasta da ta bushe, wannan ma yana sa sabuwar ta kama da wuri. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kusan rabin buhu na ɓarnatar.

Yanzu ruwan randa nake ɗiba, in wanke robar tas. Ina auna ruwa giram 700 ga filasta kilo 1. Ruwan ne ke fara shiga, sai in riƙa barbaɗa garin a hankali, in bar shi ya jiƙa kamar minti 2, kana in dama da hannu ba tare da bugawa ba.

Mazubin kuwa ina shafa masa basilin kaɗan don kada ta manne. Bayan na zuba sai in bubbuga gefensa, kumfar iska mai jawo ramukan nan ta taso. Idan filastar ta ɗau zafin daskarewa ta huce nake cirewa. Ta jiya sumul ta fito.